Baba Ya Hau Kale

Karaliman, Turkiyya
Maris, 1975

Zuwa ga yayana Nevzat,

Abi, ina sumbatar hannunka. Ka gaida matarka Sevim, yara kuma a sumbatar mini idanunsu. Mu nan lafiya lau. Mijina Turgut yana gaishe ka, ya ce rigar sanyin da ka aiko masa ta yi masa cif. Ni dai na ga hannunta ya rufe masa yatsu, amma tunda daga Jamus ta fito, ko rana na ƙuna sai ya saka ta zuwa gidan shayi.

Baba yana nan yadda ka sani. Ƙafafun nan da nutson neman soso a teku ya lalata, in sanyi ya sauko sai a hankali. Abin da ya ƙaru shi ne ido. Yanar ido ta rufe na hagu, na daman ma inuwar mutum kawai yake gani. Na ce a kai shi Izmir likita ya duba, ya ce ya gama kallon ƙarƙashin teku, babu abin da ya rage a tudu da zai ba shi sha'awa. Tun rasuwar Inna bara maganarsa ta ragu ƙwarai. Sai ya wuni zaune a bakin ƙofa.

Lemon bana ya yi albarka har reshe na karyewa. Zaitun ne bai yi ba. Akuyar Inna ta haifi biyu, ɗaya baƙi ɗaya mai tabo a goshi, duk sun gaji rashin kunyar uwarsu.

Bana za ku zo kuwa? Kowace shekara sai ka ce baɗi. 'Yarka da aka haifa can ban taɓa ganinta ba sai a hoto.

Af, na kusa mantawa, ga Turgut tsaye a kaina zai wuce gidan waya. Baba ya hau Kale tun makon jiya, a kan maganar tulun Inna, wancan na bakin ƙofa da ya tsamo daga teku. Jandarma biyu ne suka zo da safe suka ɗauki tulun, shi kuma aka ɗora shi a jaki. Ni nake kai masa abincin rana kullum. Kada ka damu, ana kula da shi, har bargo suka ba shi. Sauran bayani sai wani jiƙon.

Ƙanwarka,
Perihan

Bochum, Jamus
Afrilu, 1975

Perihan,

Muna lafiya, ƙaramin ya yi tari ya warke, Sevim tana gaishe ki. Gaisuwar ke nan, ba ni da natsuwar da zan tsawaita ta.

Ke wace irin 'ya ce? Kin cika takarda da rigar Turgut da akuya, sai can a gindi kika tuna an kulle ubanki? Tun zamanin kakanninmu, in aka ce mutum ya hau Kale, ko yaron goye a garinmu ya san kurkuku ake nufi. Kuma akwai wani ɗan yankinmu a masana'antar nan da ya gaya mini yanzu doka ta hana ajiye tulunan teku a gida. Na ɗauka surutu ne. Ashe har ta kai a ɗora tsoho mai ciwon ƙafa a jaki, a kai shi cikin duwatsun nan masu danshi da ko awaki ba sa son kwana a ciki. Wai har bargo suka ba shi. To, sun kyauta.

Ki saurare ni. Gobe da sassafe ki nemi lauya, ko nawa ne ni zan biya. Ki gaya musu tulun nawa ne, ni na tsamo shi ina saurayi, Baba bai san komai a kai ba. In suna so su zo nan su kama ni. Ki kai masa safar ulu da man da Inna ke shafa masa a gwiwa.

Na je wajen foman na roƙi hutu, ya ce sai watan takwas. Tunda takardarki ta iso Sevim kuka take ta yi a kicin. Ki bugo mini waya da zarar kin karanta wannan.

Ki sumbatar mini hannun Baba, in suna bari a matsa kusa da shi.

Yayanki,
Nevzat

Karaliman
Afrilu, 1975

Zuwa ga yayana Nevzat,

Abi, ina sumbatar hannunka, ina kuma roƙon gafara a wajen Sevim saboda hawayenta da suka zuba a banza. Wayar telegiram da na buga ta kalma huɗu ce, na san ba ta ishe ka ba, ga bayanin. Kowa lafiya, in ban da Turgut da shayi ya sarƙe shi don dariya lokacin da nake karanta masa wasiƙarka.

Haba Abi. Rabon da a kulle mutum a Kale tun kafin a haifi Baba, maganar ce kawai ta rage a bakin tsofaffi. Laifina ne da na yi rubutu a gurguje, amma kai ma ka daɗe da barin gida. Kale ɗin da ka sani, inda muke hawa tsinkar ɓaure muna tsoron aljanu, yanzu gidan tarihi ne. An kori awakin, an share farfajiya, an gyara hasumiyoyin mayaƙan da, har ɗawisu aka kawo suna yawo suna yi wa mutane ihu. Duk abin da aka tsamo daga jiragen da suka nutse tun zamanin da, can ake jera shi. Da tikiti ake shiga. Ka ji fa, mu biya kuɗi mu kalli irin tulun da rabin garin nan ke jiƙa zaitun a ciki. Baƙi kuwa sai ka gani, mota-mota, yawancinsu Jamusawanka, rana ta mai da su jajawur kamar tumatir.

Babu wanda ya kama Baba, babu ma wanda ya tambaye shi tulun. Shi da kansa ya aika aka kira jandarman nan biyu da ke sayen kifi wajen Turgut, ya roƙe su su ɗaukar masa, don ka san nauyinsa da tsinin gindinsa, ba ya zama a bayan jaki. Ya bi su ya miƙa wa mutanen gidan tarihi kyauta. Tun ranar kuma kullum sai Turgut ya kai shi. Yana zama a benci a farfajiyar ƙasa, kusa da ƙofar shiga, har la'asar. Bargon mai gadi ne ya ba shi don ya shimfiɗa.

Kuma wallahi hawan ya karɓe shi. Yana cinye waken da nake kai masa har ya suɗe kwano da burodi. Jiya ma na tarar da shi yana yi wa ɗawisu faɗa.

Na karanta masa inda ka ce a gaya wa hukuma kai ka tsamo tulun. Ya ce, "Wa? Nevzat? Wanda ke amai tun ba a kwance jirgi ba?" Ya tuna mana ranar da ya fara fita da kai teku, ƙugiya ta tsaga maka kunne, ka dawo kana rantsuwa ba za ka ƙara ba. Ya yi dariya, Abi. Rabon da in ji dariyarsa tun Inna na da rai.

To tunda an ba ka watan takwas, sai mu fara shiri?

Ƙanwarka,
Perihan

Bochum
Mayu, 1975

Ƙanwata Perihan,

Na gode wa Allah da Baba yake lafiya. Mu ma lafiya. Ki ce wa Turgut ya yi dariyarsa, na cancanta.

Amma ni ban yi dariyar ba. Kin ce babu wanda ya tambaye shi, da kansa ya bayar. Ke yarinya ce lokacin, wataƙila kin manta. Ranar da zan taho, daga tulun nan Inna ta ɗebi ruwan da ta zuba a bayana, kamar yadda ake yi wa kowane matafiyi, ta ce in tafi kamar ruwa in dawo kamar ruwa. Sannan ta dafa shi ta ce ba zai gusa daga bakin ƙofa ba sai ranar da na dawo na sha daga cikinsa. Baba yana tsaye a wurin, ya ji da kunnensa.

Ban samu jana'izarta ba. Bai taɓa aiko mini da magana a kan haka ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Yanzu ya ɗauke tulun daga ƙofar ya ba baƙi su riƙa kallo. Baba ba mai yawan magana ba ne, da aiki yake faɗin abin da ke ransa. Na ji, na kuma gane. Zuciyata ta yi nauyi, ba zan ɓoye miki ba.

Maganar watan takwas a bar ta tukuna. Kada ki karanta masa wannan. Ki sumbatar mini hannunsa kawai.

Nevzat

Karaliman
Yuni, 1975

Abi,

Muna lafiya, Baba ma haka. Na daɗe ban ba ka amsa ba, kuma da gangan ne. Da farko haushinka ya hana ni. Daga baya na ga ni kaina ban san dalilin da ya sa ya ba da tulun ba, kuma ka san tambayar Baba dalili ɓata baki ne. Sai na bi ta wata hanya.

Akwai wata mata a Kale, Birsen Hanim, 'yar Ankara, ita ke gyaran kayan da aka tsamo. Hannunta kullum a yamutse saboda ruwa, kamar na mai wankau. Na kai mata ɓaure na tambaye ta. Ta ce tulun da ya yi ɗaruruwan shekaru a teku gishiri ya gama shiga jikinsa. Muddin yana da danshi, gishirin na kwance lafiya. In ya bushe, sai gishirin ya taso ya riƙa cin sa daga ciki. Inna kowace safiya sai ta cika shi da ruwan rijiya, shi ya riƙe shi duk shekarun nan ba tare da ta sani ba. Da ta rasu babu mai cikawa. Baba ba ya iya ɗaga guga, ni kuma ina can ƙarshen gari da nawa gidan, ban ko lura ba.

Shi ya lura, da yatsunsa. Ya shafa ya ji wani gari-gari na bin hannunsa, fatar tulun na ɓarewa, ga tsaga ta taso daga wuya ta nufi hannu. Birsen Hanim ta ce ranar da ya zo, ko zama bai yi ba ya tambaye ta: "'Yata, za ki iya riƙe mini shi da rai har ɗana ya dawo?" Ta jiƙa shi a wani babban baho, tana canza ruwan har gishirin ya fita, ta ɗinke tsagar da wani irin danƙo. Yanzu yana tsaye a farfajiya a jikin bango, dab da bencin Baba. Ba zai ƙara riƙe ruwa ba, amma ba zai fashe ba.

Saura ka ji abin da ubanka ke yi a can, wanda na ɓoye maka don ina jin kunya. Ya koyi gane Jamusanci da kunne. Da ya ji shi sai ya miƙe da sandarsa, ya bi Jamusawan ɗaya bayan ɗaya yana kama hannun riga yana cewa, "Jamus? Nevzat? Bochum?" Shi a ganinsa Jamus kamar Karaliman ce, kowa ya san kowa. Su yi murmushi su girgiza kai. In za su fita, sai ya bi su ƙofa da tsohon gwangwanin man zaitun cike da ruwa, ya zuba a bayansu. Tunda ba ya gani sosai, rabin ruwan a takalmansu yake ƙarewa. Mai gadi ya yi ta mita wai matakala na santsi, har ya gaji ya samo buhu ya shimfiɗa. Baƙin kuwa sun ɗauka yana cikin kuɗin tikiti, har tafi suke yi. Wata tsohuwa ta ɗauki hotonsa, ya sa ni na rubuta mata adireshinka.

Na ce masa, Baba, mutanen nan ba danginmu ba ne, me ya dame ka da dawowarsu? Ya ce inda kake za su. Ya ce shi mutumin teku ne, ya sha ganin igiyar ruwa in ta dawo ta kwaso abin da ta tarar a hanya, wataƙila wata rana ta kwaso masa kai.

Maganar jana'iza kuma, kowa ya san wayar sanar da kai rasuwar ce ta makara. Kai kaɗai kake riƙe da ita. To ga wanda ka ce ya cire ka daga ransa. In ka ga dama ka zo, in ka ga dama ka zauna. Ni dai na gaji da jin kunyar takalman mutane.

Ina sumbatar hannunka duk da haka.

Perihan

Bochum
Yuli, 1975

Ƙanwata Perihan,

Muna lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Kin wanke ni tas, kuma kin yi daidai.

Bayan wasiƙarki da 'yan kwanaki sai ga wata daga Kassel, rubutun da ban sani ba. Tsohuwar nan ce, ashe malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ta saka hoton a ciki. Ta ce mahaifina ya jiƙa mata takalmi har safa, ta yi fushi, sai mai yi musu jagora ya bayyana mata ma'anar abin. Ta ce ta zaga ƙasashe da yawa, ba a taɓa nuna mata ana son ta dawo ba sai a ƙofar nan. Ta ce in mahaifinta ne, da ba ta bari ya jira ba.

Na zauna da hoton a gefen gado na kasa ajiye shi. Ya rame, Peri. Ba ki gaya mini ya rame haka ba. Hular nan tasa ce dai ta da. Ga tulun a gefensa, ana ganin layin ɗinkin, hannunsa ɗaya a kai. Sevim ta karɓa ta duba, ta ce in ban tafi ba ita za ta tafi ta bar ni da yaran.

Na koma wajen foman. Zan taho farkon watan takwas, ni kaɗai, don Sevim ba ta samu hutu a wajen aikinta ba. Kada ki gaya masa. Ba wasa nake son yi masa ba, tsoro nake ji kada wani abu ya gitta, ya zauna yana jira a banza. Ki gaya wa Turgut ya riƙe bakinsa, in zai iya.

Me zan kawo masa? Na ga wata sanda mai kyau a kanti.

Yayanki,
Nevzat

Karaliman
Agusta, 1975

Zuwa ga matar yayana Sevim,

Yenge, ina gaishe ki, a sumbatar mini idanun yara. Mijinki ya iso lafiya shekaranjiya. Na ce ya rubuto miki, ya zauna da biro ya tashi bai rubuta komai ba, shi ya sa na karɓa. Kowa lafiya. Turgut ya riƙe bakinsa, amma sai da na yi masa barazanar ƙona rigar sanyin.

Motar Izmir ta sauke shi da hantsi. Ya ajiye jaka a gidana, ko shayi bai sha ba ya ce mu hau Kale. Mai gadin abokin karatunsa ne, ya rungume shi ya ce ya wuce, amma Abi ya nace sai ya yanki tikiti. Ina jin ƙafarsa ce ta yi nauyi yake neman abin da zai jinkirta shi. Muna tsaye sai ga ayarin Jamusawa, ya shige cikinsu. Da hular nan tasa mai gashin tsuntsu da takalminsa mai ƙyalli, ni kaina da ban san shi ba da na ce nasu ne.

Baba na kan benci. Da ya ji harshen sai ya lalubi sanda ya miƙe, ya fara bin su kamar kullum. Wannan ya girgiza kai, wancan ya yi dariya. Har ya zo kan Abi ya kama hannun rigarsa.

"Jamus? Nevzat? Bochum?"

Baba ya ɗan jira, ya saki rigar zai wuce na gaba. Nan ne Abi ya ce da harshenmu, "Na san shi, Baba."

Baba ya tsaya cak. Ya mai da hannu, ya bi hannun rigar zuwa kafaɗa, ya hau wuya, har ya kai kunnen nan da ƙugiya ta tsaga. Ya riƙe kunnen ya daɗe. Ni ina gefe ina kuka ba kunya, ɗawisu na taya ni. Da ya buɗe baki abin da ya ce shi ne, "Ka yi ƙiba." Abi ya sunkuya ya sumbaci hannunsa ya ɗora a goshi, ya kasa ɗagowa.

Suka zauna a benci, tulun a gefensu. Baba ya kama hannun Abi ya bi da shi kan ɗinkin, ya ce aikin Birsen Hanim ne, yarinyar ta iya. Can Jamusawan suka gama zagayensu suka nufi ƙofa. Na ɗauka yau dai takalmansu sun tsira. Ina! Ya ɗauki gwangwaninsa, ya dafa kafaɗar ɗansa har bakin ƙofa, ya zuba musu rabi. Sauran ya juyo ya miƙa wa Abi da hannu biyu.

"Na masu tafiya ake zubarwa," in ji shi. "Kai sha. Tulun ba ya riƙe ruwa yanzu, amma uwarka ta ce sai ka sha."

Ya shanye tas, duk da warin man zaitun.

Jiya Baba bai hau Kale ba, ya wuni a gida yana kushe sandar da aka kawo masa, yana kuma hana kowa taɓa ta. Na ce to yanzu sai a huta da jiƙa mutane. Ya ce wa ya gaya mini? Ya ce in rubuta miki gobe zai koma bakin ƙofa da gwangwaninsa, don saura ke da yaran.

Taki,
Perihan